Mene ne bakfakin?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure da waya a hannunsa, ya nuna mini wani bidiyo. Wani saurayi ne a bidiyon, goye da doguwar jaka da ta zarce ƙeyarsa, yana tsaye a wata tashar mota a Burazil yana lissafa abin da ya kashe a mako guda. "Kawu, wai mi aka nuhi da bakfakin? Kullum sai na ci karo da ita." Na ce masa ya zauna. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan.

Kalmar ta Turanci ce, kuma tushenta jakar goyo, irin wadda 'yan makaranta ke ratayawa a baya, sai dai babba. Bakfakin shi ne mutum ya haɗa duk abin da zai buƙata na makonni ko watanni a jaka ɗaya da zai iya ɗauka da kansa, ya ratsa ƙasa da ɗan guzurinsa: motar haya, masauki mai araha, abincin da mutanen gari ke ci. Mai yin haka shi ake kira bakfaka. Jakar dai alama ce kawai. Mai yawon buɗe ido na otal yana da kuɗi amma ba shi da lokaci, sai ya hau jirgin sama ya tsallake ƙasa cikin awa uku. Shi bakfaka lokacin ne jarinsa, da shi yake biyan abin da aljihunsa ba zai iya ba, kuma a hanyar nan mai tsawo yake ganin ƙasar.

Ɗakin kwanan da suka fi sauka shi ake kira hostel, kalmar da ɗalibanmu suka sani. Gadaje masu hawa biyu a ɗaki ɗaya, loka ta ajiye kaya, kicin na kowa da kowa. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya buɗe na farko mai ɗorewa a garin Altena a 1912 don yaran makaranta masu tafiya a ƙasa. Daga baya, a shekarun 1960 da 1970, matasan Turai suka riƙa bin ƙasa daga Istanbul zuwa Tehran da Kabul har Indiya da Nefal, sai juyin juya halin Iran da shigar sojojin Sobiyet Afganistan a 1979 suka rufe hanyar. Daga irin wannan tafiya kamfanin Lonely Planet mai buga littattafan jagoran matafiya ya samo asali a 1973.

Burazil da yaron ya nuna mini misali ce mai kyau, don girmanta kaɗai ya isa ya koya wa mutum ma'anar kalmar. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 8.5, wato ta ninka Najeriya fiye da sau tara. Jiragen ƙasa na fasinja kaɗan ne ƙwarai, don haka doguwar bas ce abin hawan talaka. Daga Riyo zuwa Sawo Fawulo kamar awa shida ne, amma daga Riyo zuwa Salbado sai an kwana an wuni a mota har da ɗoriya. Masu dabara kan zaɓi motar dare, kujerar ta zama gado, kuɗin masaukin ranar ya koma aljihu.

A arewacin ƙasar kuwa kogi ne hanya. Daga Belem da ke kusa da bakin teku zuwa Manaus a tsakiyar dajin Amazon, jirgin ruwa kan yi kwana biyar ko fiye yana haurawa. Mai ƙaramin tikiti ba shi da ɗaki. Kafin ya shiga sai ya je kasuwa ya sayi shimfiɗar lilo ta yadi mai kauri da igiya biyu, ya zo da wuri ya kama wuri, ya ɗaure ta a jikin ƙarafan rufin jirgin. Ta maƙwabcinsa tana gogar tasa, jakarsa na ƙarƙashinsa, wata uwa na shayar da jariri a dama, wani ɗan kasuwa na gadin kwalayensa a hagu. Kwana biyar kuna cin shinkafa da wake tare, ko ba ka jin Fotugis, harshen ƙasar, sai ka iya gaisuwa da godiya da tambayar farashi. Kusa da Manaus kuma mutum zai ga inda baƙin ruwan kogin Negro da jan ruwan Solimoes ke tafiya gefe da gefe na tsawon kilomitoci ba su gauraya ba. Wanda ya bi ta sama ya iso cikin awa biyu, amma bai san ko mutum ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abinci ba zai ba Bahaushe mamaki sosai ba. Farantin rana mai araha shinkafa ce da wake da ɗan nama, da garin rogo soyayye mai kama da garin kwakinmu. Sai dai Musulmi ya tambaya kafin ya ci, don sau da yawa ana dafa waken da naman alade. A Salbado mata na soya ƙosai da manja a bakin titi, suna kiransa akaraje. Wannan gari ya kamata Basakkwace ya san shi. A shekarun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 an kai Hausawa da yawa can a matsayin bayi, an kama su da shirin bore a 1807, kuma a watan azumin 1835 Musulmin garin, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban tawaye. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ni kam in Allah ya nufe ni da taka ƙasar, nan zan fara.

Da na kai nan wani dattijo da ke zaune tare da mu ya ce ai wannan yawon dandi ne aka sake wa suna. Ban yarda ba, kuma na gaya masa cikin ladabi. Ɗan dandi ya bar gida ba niyyar komawa, ba lissafi. Bakfaka yana da ranar dawowa, ya raba guzurinsa kwana-kwana, ya san abin da ya fita nema. Ya fi kusa da abin da kakanninmu suka saba. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro suna sauka wurin fatoma, wato mai masauki. Alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa sun ratsa Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi aiki su tara na gaba. Shehu Usmanu da kansa ya je har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu. Bambancin kawai, su ciniki ko ibada ko karatu ya fitar da su, shi kuwa wannan ganin ƙasa da mutanenta ne buƙatarsa, kuma ban ga aibu a cikin hakan ba.

Akwai gaskiyar da bidiyoyin ba sa faɗa. Arahar da Bature ke magana a kai, araha ce ga mai dala ko yuro da fasfon da ake buɗe wa ƙofa. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Burazil, ya riƙe katin rigakafin shawara, sannan kuɗin jirgi da naira shi kaɗai zai iya cinye abin da zai kashe a can na tsawon makonni. In ya faɗa lokacin Kanibal, babban bikin kiɗa da rawa na ƙasar, wajen Fabrairu ko Maris, kuɗin gado ma ninkawa yake.

Shi ya sa na ce wa yaron kalmar ba ta Burazil ce kaɗai ba. Najeriya ma babbar ƙasa ce mai zafi, kuma da yawanmu a Sakkwato ba mu taɓa ganin tafkin ruwan ɗumi na Wikki a Yankari ba, ko kurmin Osun a Osogbo, ko jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan. Sai dai halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa dole a yi tafiyar rana, a shiga mota a tasha ba a bakin titi ba, a tambayi direbobi labarin hanya kafin a tashi, a kuma sanar da gida kowane zango.

Ya yi shiru yana juya wayar, can ya ce, "To Kawu, in an yi hutu zan hwara da Argungu, in kwana biyu in dawo." Na ce ya fara neman izinin mahaifiyarsa, in ta amince ya zo ya karɓi tsohuwar jakata da ke rataye a ɗaki.