Tsirar da Irin Okid a Ɗakin Gwaje-gwaje

Tsirar da irin okid a ɗakin gwaje-gwaje hanya ce ta raino furen okid daga ƙwayar iri a cikin kwalba rufaffiya, kan abincin da aka kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinsa. Dalilin wannan wahala yana cikin irin kansa. Ƙwayar gero tana ɗauke da guzurinta, shi ya sa manomin Argungu zai binne ta bayan ruwan farko ya tafi abinsa. Irin okid kuwa kamar ƙura yake, ba shi da guzuri, kuma kwanso ɗaya kan ɗauki dubban ƙwayoyi, wani ma miliyoyi. A daji ba ya tsirowa sai wata fumfuna ta shige shi ta ciyar da shi.

Masanin tsirrai ɗan Faransa, Noël Bernard, shi ya gano wannan dangantaka a 1899. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa sukari da gishirin ma'adinai za su iya maye gurbin fumfunar. Haɗinsa na 1946, Knudson C, har yau ana aiki da shi.

Ana dafa haɗin da aga, wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku. Wasu kan ƙara ayaba ko ruwan kwakwa. Sai a turara kwalaben a tukunyar matsi, zafin digiri 121, minti 15 zuwa 20. Irin kuma a wanke shi da ruwan bilic mai rauni, ko a yanka kwanson tun yana ɗanye, tunda cikinsa tsaf yake. Sai a shuka irin kan haɗin da ke cikin kwalbar. Bayan makonni ƙwayar kan kumbura ta zama ɗan dunƙule kore kamar kan allura, daga nan ganye da saiwa. Fure sai an yi shekaru.

A Kebbi, inda okid na jinsin Eulophia ya fi dacewa da yanayin savana, babbar matsalar ba ilimi ba ce. Kwalabe na son zafi kusan digiri 25, alhali Birnin Kebbi kan haura 40 a Afrilu, ga ɗaukewar wuta. Da hunturu kuma ƙura na shiga ta kowace kafa, kuma in ɗigo ɗaya ya faɗa kan sukarin, cikin kwanaki farar fumfuna ta lulluɓe kwalbar baki ɗaya.