Zaɓen harsashin da ya fi dacewa da bindigar farauta

A wurin maharba masu bindigar zamani, wato irin wadda ke da murɗaɗɗen zane a cikin bututunta, daidaiton harsashi shi ne yadda harsasai ke faɗawa kusa da juna idan an harba su ɗaya bayan ɗaya a kan saiti guda. Babu wani harsashi da ya fi sauran daidaito a kowace bindiga. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya, da aka gama su rana ɗaya, sai a ga ɗaya ta tara harsasai biyar wuri guda, ɗayar kuwa ta watsa irin wannan harsashin. Don haka ba a sanin wanda ya dace sai da gwaji, kuma gwajin na wannan bindigar ce kaɗai.

Yadda ake aunawa

Ana kafa takarda a nisan yadi 100 a Amurka, ko mita 100 a Turai, a yi harbi, sannan a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar hujoji biyun da suka fi nisa da juna. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne mintin kusurwa, wanda ake taƙaitawa da MOA. Minti ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, ko kusan santimita 2.9 a mita 100. Bindigar da ke tara harsasanta a cikin minti ɗaya ana ɗaukarta mai kyau ƙwarai, kuma a yau kamfanoni da dama, kamar Tikka da Sako, suna sayar da bindigoginsu da wannan alkawarin.

Abin da ke kawo bambancin

Bindigar toka da maharban ƙasar Hausa suka gada cikinta sumul yake, harsashi yana fita ba juyi. Bindigar zamani kuwa zanen da ke cikin bututunta yana murza harsashin, ya tafi yana juyawa kamar katantanwar wasan yara, wannan juyin ne ke hana shi tuntsurawa a iska. Ana faɗin saurin murɗin da inci: 1:10 na nufin harsashi yana kammala juyi ɗaya a duk inci 10 na bututu. Bindigar .30-06 (irin wannan lamba sunan girman harsashin da bindiga ke ɗauka ne), wadda sojan Amurka ya soma amfani da harsashinta a 1906, galibi 1:10 take. Ta .308 Winchester, ta 1952, tana zuwa da 1:12 ko 1:10, ita kuwa 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007 yawanci 1:8 ce, domin tun farko an tsara ta ne don dogayen harsasai.

Tun a 1879 George Greenhill, malamin lissafi a makarantar soja ta Woolwich a Ingila, ya fitar da lissafin da ya nuna cewa tsawon harsashi ne ke yanke irin murɗin da yake bukata, ba nauyinsa ba. Wannan batu ya ƙara muhimmanci da yaɗuwar harsasan jan ƙarfe zalla, musamman tun da jihar Kaliforniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka harsashinsa mai nauyin giren 180 (giren ɗaya kusan giram 0.065 ne) ya fi na dalma mai wannan nauyin tsawo, kuma bututun da murɗinsa ba shi da sauri yana iya kasa riƙe shi. Alamar hakan a takarda take fitowa: hujin yakan yi tsawo maimakon ya zama zagayayye, domin harsashin a karkace ya shiga. Harsasan farauta na .308 sun fi yawa a giren 150 da 165 da 180.

Abu na biyu shi ne girgizar bututu. Da zarar albarushi ya kama, bututun yakan yi rawa, bakinsa yana lilo kaɗan ƙwarai, yadda ido ba ya gani. Harsashin da ke fita a daidai lokacin da bakin ya kai ƙarshen lilonsa, ya ɗan tsaya, yakan faɗa kusa da ɗan'uwansa ko da saurinsu ya ɗan saɓa. Wanda ke fita ana tsakiyar lilon kuwa yakan watsu. Nan ne asalin abin da maharba ke cewa bindiga tana “son” harsashi kaza. Sai kuma ɗan ratar da harsashi ke tsallakewa kafin ya kama zanen bututu, da yadda masana'anta ta daidaita awon albarushi daga kwanso zuwa kwanso.

Gwaji

Maharbi yakan sayi kwali uku ko huɗu masu nauyi da ƙira daban-daban, duka masu lambar da aka buga a jikin bututun bindigarsa, ba wata mai kama da ita ba. Ana ɗora bindigar a kan jakunkunan yashi, gaba da baya, a ranar da iska ta kwanta, bayan an tabbatar kusoshin madubin saiti a ɗaure suke. Idan an wanke bututu, ko an sauya irin harsashi, akan fara harba biyu ko uku a gefe, don bututu wankakke yakan jefa na farko wani wuri dabam.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne wajen yawan harbi. Harsasai uku suna iya haɗuwa wuri ɗaya da sa'a kawai, mutum ya yanke takardar ya adana, ya ce ya samu. Bai samu ba tukuna. Rukuni huɗu ko biyar masu harsashi biyar-biyar, a ɗauki matsakaicinsu, su ne ke faɗin gaskiya, kuma wanda ya kauce ba a cire shi daga lissafi sai in maharbin ya tabbata hannunsa ne ya motsa. Bututun farauta siriri ne, yana saurin zafi, don haka ana barinsa ya huce tsakanin rukuni da rukuni. Harbin farko daga bututu mai sanyi shi ya fi cancantar kulawa, domin a daji shi ne ake da shi, sau da yawa ma babu na biyu.

Idan an sami wanda ya dace, a duba lambar zubin da ke jikin kwalin a sayi da yawa daga zubi ɗaya. Sabon zubi, ko da suna da nauyi ɗaya ne, yana iya sauya inda harsashi ke faɗawa, sai an sake saiti.

Daidaito da aikin harsashi a jikin dabba

Takarda ba ta nuna abin da harsashi zai yi idan ya gamu da fata da ƙashi. Harsasan gasa irin su MatchKing na kamfanin Sierra suna cikin mafiya daidaito, amma kamfanin da kansa bai ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da su ba, saboda ba a ƙera su don su buɗe yadda ya kamata ba. John Nosler ya fito da harsashinsa mai ɗaki biyu, Partition, a 1948, bayan wani harsashi da ya harba ya kasa ratsa wata ƙatuwar dabba a Kanada: gabansa yana buɗewa, bayansa ya riƙe nauyi ya ci gaba da shiga. Wurin huhu da zuciyar barewa babba ya kai kusan santimita 20. Harsashin da ke tara minti ɗaya da rabi, kimanin santimita 9 ke nan a mita 200, in yana buɗewa da kyau, ya fi wanda ke tara rabin minti amma ya bar dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale. Wannan cuta ce da maharbi zai iya kauce mata tun a wurin sayen harsashi.

Zafin gari ma yana da tasiri. Albarushi ya fi ƙarfin ci idan ya yi zafi, sai matsi da sauri su ƙaru, wurin faɗawa ya motsa. Masu ƙera bindiga a Landan sun san haka tun zamanin albarushin kodait, shi ya sa aka yi wa .416 Rigby ta 1911 da .375 H&H ta 1912 manyan kwanso masu sassaucin matsi, don farauta a Afirka da Indiya. Wanda ya yi gwajinsa a lokacin sanyi, in zai yi farauta a ƙasa mai zafi, yana bukatar ya sake gwadawa a can, kuma kada ya bar kwalin harsashi a rana ko a cikin rufaffiyar mota.