Tantance majiyyaci kafin tiyatar bawul ɗin zuciya

Kafin a yi wa mutum tiyatar bawul ɗin zuciya, likitoci kan tantance abu uku: yawan ɓarnar da bawul ya yi, ko jikin zai jure wa aikin, da irin bawul ɗin da ya kamata a dasa. Zuciya tana da bawul 4, wato ƙofofin da ke sa jini ya bi hanya ɗaya ba tare da ya koma baya ba. A Sakkwato, kamar sauran arewacin Najeriya, babban abin da ke lalata su shi ne ciwon makogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, wanda kan koma zazzaɓin gaɓoɓi har ya taɓa zuciya. Bawul ɗin mitiral na ɓangaren hagu ya fi cutuwa. Shi ya sa masu wannan larura da ke zuwa wurare irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sau da yawa matasa ne.

Ana farawa da tambaya: tafiya nawa ke sa majiyyaci haki, ko yana iya kwanciya rigingine, ko ƙafafu na kumbura. Sai gwajin eko, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka ta hanyar sauti, wanda shi ne ginshiƙin binciken, domin yana nuna ƙuncin bawul, yoyonsa da ƙarfin bugun zuciya. Idan faɗin ƙofar mitiral ya sauko zuwa murabba'in santimita 1.5 ko ƙasa, ƙuncin ya yi tsanani. Akwai hoton ƙirji, awon bugun zuciya, gwajin ƙoda, hanta da sikila. Namiji da ya haura 40 akan duba masa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Haƙora ma sai an duba, don ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayoyin cuta zuwa sabon bawul.

Zaɓen bawul ne ya fi buƙatar natsuwa. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha wafarin, maganin hana daskarewar jini, har ƙarshen rayuwa, tare da awon jini a kai a kai. Ga mutumin Tangaza ko Illela, dole a tambayi inda zai riƙa yin wannan awo da kuɗin motar zuwa, domin sakaci da shi na jawo shanyewar ɓarin jiki ko zubar jini. Wafarin kuma na iya cutar da ɗan tayi, don haka matashiya mai son haihuwa tana da hakkin a yi mata bayani filla-filla. Bawul ɗin da ake yi da naman saniya ko alade yawanci ba ya buƙatar wannan magani na dindindin, sai dai yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ya fi saurin lalacewa, abin da ke nufin wata tiyatar a gaba. Ya kamata a faɗa wa majiyyaci Musulmi daga wace dabba aka samo shi tun kafin ya sa hannu.