Hoton ƙwaƙwalwar jariri ta maɗiga: tambayoyi da amsoshi kan aikin Farfesa Linda de Vries

Wace ce Linda de Vries, kuma me ya sa likitocin jarirai ke yawan ambaton sunanta?

Likitar jarirai ce 'yar ƙasar Holan, wadda ta shafe mafi yawan shekarun aikinta a Asibitin Yara na Wilhelmina da ke birnin Utrecht. Kafin nan ta yi aiki a Asibitin Hammersmith na Landan tare da Lilly Dubowitz, ƙwararriya wajen gwada lafiyar jijiyoyin jarirai. Tambayar da ta ɗauki rayuwarta guda ce: idan ƙwaƙwalwar jariri ta samu rauni, yaushe hoto zai nuna shi, kuma me hoton zai iya faɗa wa iyaye game da tafiyar yaron da ganinsa nan gaba? Ta bi amsar ne ta hanyar ɗaukar hoton jariri ɗaya sau da yawa, sannan ta ci gaba da duba shi har ya girma, domin a ga ko abin da hoto ya nuna ya tabbata.

Ta yaya ake ganin ƙwaƙwalwa alhali ƙashi ya rufe ta?

Ta maɗiga. Wannan wuri mai laushi a tsakiyar kan jariri ƙashi bai haɗe a kansa ba tukuna, don haka sautin na'urar sikanin yana ratsa shi. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita ce, sai dai kan da ake ɗora wa jariri ƙarami ne, mai ƙarfin megahaz 5 zuwa 10. Likitoci sun fara amfani da ita haka a ƙarshen shekarun 1970.

Ana ɗumama man sikanin kafin a shafa, musamman ga bakwaini da ke cikin kwalba, domin sanyi na cutar da shi. Ana ɗora kan na'urar a hankali ba tare da danna maɗigar ba. A ɗauki hotuna shida daga gaba zuwa ƙeya, a juya kan na'urar a ɗauki biyar: ɗaya a tsakiya, biyu ta dama, biyu ta hagu. Wanda ya tsaya a nan ya bar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ba a duba ba, domin ta yi nisa da maɗigar sama. Ita ana leƙa ta ne ta wani ɗan wuri mai laushi a bayan kunne, kuma jini na iya zuba a can ba a sani ba.

Me ta ƙara a kan abin da aka riga aka sani?

Tun 1978 Lu-Ann Papile ta kasa zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini zuwa mataki huɗu, don haka likitoci na da yadda za su faɗi tsananin jini. Abin da ya rage a duhu shi ne raunin farin sashen ƙwaƙwalwa, wato inda zaruruwan jijiya ke bi su kai saƙo ga ƙafafu da hannuwa da idanu. Wannan rauni ba ya buƙatar jini ya zuba. Ƙarancin gudun jini ko kumburi daga kamuwa da cuta ya isa ya kawo shi.

A 1992 de Vries da Eken da Dubowitz suka fitar da tsarin da ya kasa shi huɗu bisa abin da sikanin ke nunawa. Mataki na ɗaya, wani haske ne a gefen ɗakunan ruwa na ƙwaƙwalwa wanda ya kai kwana bakwai bai gushe ba. Na biyu, hasken ya rikiɗe zuwa 'yan ƙananan ramuka a wuri ɗaya. Na uku, ramukan sun yi yawa sun bazu a gefen ɗakunan ruwa. Na huɗu, sun kai har ƙarƙashin ɓawon ƙwaƙwalwa. Amfanin wannan kasawa shi ne kowane mataki yana da abin da yake nufi. Yawancin jariran mataki na ɗaya suna tashi su yi tafiya. Waɗanda ramukansu suka bazu, musamman ta ɓangaren baya, galibinsu suna samun shanyewar gaɓoɓi mai sanƙarar da ƙafafu, wasu har da matsalar gani. Likita a Utrecht da likita a wata ƙasa suka samu damar cewa "mataki na uku" su fahimci juna.

Me ya sa ake cewa hoto ɗaya bai wadatar ba?

Wannan shi ne ƙashin bayan aikinta, kuma shi ne darasin da aka fi sakaci da shi. Jini da raunin farin sashe ba lokaci ɗaya suke bayyana ba. Kusan duk zubar jinin bakwaini tana faruwa ne cikin kwana uku na farko. Ramuka kuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu suke fitowa, ƙananan ma sukan jinkirta fiye da haka. Bayan wasu makonni ko watanni kuma sai su lotsa su ɓace, su bar ɗakunan ruwa sun ɗan faɗaɗa, bakinsu ba a miƙe ba.

To idan an ɗauki hoto a kwana na uku aka ga babu jini aka ce wa uwa kan ɗanta lafiya lau, an yi gaggawa. Idan kuma an jira har yaron ya yi wata huɗu, ramukan sun riga sun tafi. Binciken da ta wallafa a 2004 ya nuna cewa idan ana maimaita sikanin yadda ya kamata, mafi yawan bakwainin da daga baya suka samu shanyewar gaɓoɓi an riga an ga babban rauni a hotunansu, kuma wasu daga cikin raunukan sai bayan wata guda suka fito fili.

Tsarin da ya dace ga bakwainin da aka haifa kafin mako 32 shi ne hoto cikin kwana uku na farko, wani a ƙarshen mako na ɗaya, sannan duk mako ɗaya ko biyu, da na ƙarshe a lokacin da cikin zai cika mako 40 da bai zo da wuri ba. Idan jaririn ya yi wata rashin lafiya mai tsanani a tsakani, kamar cutar jini ko lalacewar hanji, sai a sake lissafi daga ranar, domin sabon rauni na iya farawa.

Idan jini ya toshe hanya ruwa ya taru a kai fa, yaushe ake taɓawa?

Da can ana jira ne sai maɗiga ta kumbura ko kai ya riƙa girma fiye da kima. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar bakwaini tana da laushi sosai, ruwan yana daɗewa yana danna ta kafin kai ya nuna alama a waje. Shi ya sa aka koma aunawa da milimita. Awon farko na Malcolm Levene ne, na 1981: daga layin tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa bangon waje na ɗakin ruwa, a kwatanta da jadawalin makonnin jaririn. Na biyu faɗin gaban ɗakin ruwan ne. Idan ya haura milimita 6, ɗakin ya fara zama kewayayye, alamar matsi.

De Vries ta jagoranci gwajin ELVIS, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, a kan bakwaini 126. An fara zuƙe wa rukuni ɗaya ruwa da wuri, da zarar awon Levene ya haura layi na 97 a jadawali (wato ya fi na jarirai 97 cikin 100 masu makonni irin nasa) kuma faɗin gaba ya wuce milimita 6. Ɗaya rukunin an jira sai ya haura layin da milimita 4, faɗin gaba ya wuce 10. Ana farawa da zuƙe ruwa ta gadon baya, kimanin mililita 10 ga kowane kilo na nauyin jariri, har sau uku. Idan bai wadatar ba, likitan tiyata ya dasa ƙaramar ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin fatar kai a riƙa zuƙa daga nan.

A nan dole a faɗi sakamakon yadda yake. Waɗanda suka rasu ko suka buƙaci bututun dindindin mai fitar da ruwan daga kai kashi 30 cikin 100 ne a rukunin farko, kashi 37 a na biyu, kuma wannan tazara ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Rukunin farko ya kuma sha ƙarin allura da tiyata. Sai da aka bi yaran zuwa shekara biyu aka ga mutuwa ko naƙasa mai tsanani ta yi ƙasa a cikin waɗanda aka taɓa da wuri, bayan an yi la'akari da tsananin jinin da makonnin haihuwa.

MRI bai maye gurbin sikanin ba?

Bai maye ba, kowanne da aikinsa. MRI, wato hoton da babbar na'urar maganaɗisu ke ɗauka, ya fi ganin rauni maras rami da ƙananan ɗigon jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa, amma sai an ɗauki jariri an kai shi ɗakin na'ura, kuma ba a iya yin sa duk mako. Wani abin da aikinta na 1999 ya nuna: idan jini ya lalata ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, a duba hanyar da jijiyoyin motsi ke bi su sauka a hoton MRI na mako 40. Idan rufin kitsen jijiyar ya fito a gefe ɗaya bai fito a gefen raunin ba, akwai yiwuwa mai ƙarfi yaron zai samu shanyewar ɓarin jiki. In an ɗauka da wuri ba za a gane komai ba, domin rufin bai fara samuwa ba ko a lafiyayyen jariri.

Jaririn da ya cika wata tara amma ya sha wahalar haihuwa bai yi kuka ba fa?

Shi sikanin ba ya nuna abu mai yawa a ranar farko. Tawagar Utrecht tare da Lena Hellström-Westas ta Suwidin sun nuna a 1999 cewa na'urar aEEG, mai bibiyar lantarkin ƙwaƙwalwa da 'yan wayoyi kaɗan, tana iya nuna tsananin rauni tun awa 3 zuwa 6 da haihuwa. Tana kuma kama jijjigar da ido ba ya gani. Awa shida na da muhimmanci domin a cikinsu ake fara sanyaya jikin jariri zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72, don rage raunin ƙwaƙwalwa.

Sai dai a yi hattara. Gwajin HELIX na 2021, a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, ya samu mutuwar kashi 42 cikin 100 a waɗanda aka sanyaya, kashi 31 a waɗanda ba a sanyaya ba. Abin da ya yi amfani a Turai ba lallai ya yi a ko'ina ba, kuma bai kamata a kwaikwayi sanyayawa da ƙanƙara ko fanka ba tare da cikakkiyar kulawa ba.

Yaya ake auna tasirin mai bincike irin wannan?

Jami'o'i na ƙirga yawan ambaton maƙaloli, da ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005: wanda ma'auninsa 50 ne yana da maƙala 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Google Scholar da Scopus kan ba da alƙaluma mabambanta ga mutum ɗaya. A wannan fanni abin da ya fi cancanta a duba shi ne ko aikin ya sauya ranar da ake ɗaukar hoto, da milimitar da ake kiran likitan tiyata a kanta, da abin da ake gaya wa iyaye. Nata ya sauya duka ukun.

Me asibitocinmu za su iya ɗauka daga ciki?

Bakwaini da wahalar haihuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kashe jarirai a Najeriya da Nijar, MRI kuma ya yi tsada da nisa ga yawancin iyalai. Na'urar sikanin kuwa akwai ta a asibitoci da dama. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramin kan da ya dace da maɗiga, ma'aikaci da aka horar, da takarda a jikin fayil mai ɗauke da ranakun hoto da awon dama da hagu, domin a ga ko ɗakunan ruwa na ƙaruwa. Idan an sallami bakwaini kafin ya kai mako 40, a rubuta wa uwar ranar dawowa hoton ƙarshe a katinsa, a kuma auna kewayen kansa da tef duk mako a asibitin da ya fi kusa da ita.