Waiwaye: Daga ina gwajin launin nan ya samo asali?

Duk lokacin da aka fara ɗaukar aikin damara, maganar sai ta dawo majalisun Gombe: yaro lafiyayye, idonsa garau, an nuna masa takarda mai ɗige-ɗige ya kasa ganin lambar da ke ciki, an sallame shi. Wasu na cewa sabuwar dabara ce ta rage mutane. Ai kuwa gwajin ya girmi kakanninmu.

A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi wajen miliyan 6, iri uku: ɗaya ya fi jin shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ya karkata wajen ja. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon wannan da na wancan ta fitar da launi. In irin ja ko na kore ya samu naƙasu, ja da kore sai su rikice. Gado ne, yawanci ta wajen uwa, shi ya sa ya fi kama maza. Masanin kimiyya John Dalton ya bayyana nasa naƙasun a Ingila a 1794, wani masanin, Thomas Young, ya kawo batun iri ukun a 1802.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne daren Nuwamban 1875, da jiragen ƙasa biyu suka yi taho-mu-gama a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin, mutum tara suka rasu. Aka zargi idon ma'aikacin jirgin, wai ya kasa bambance fitilar tsayawa da ta wucewa. Frithiof Holmgren, masani a Uppsala, ya fito da gwajin zaren ulu: a zube maka ƙullin zare kala-kala, ka ware masu kama da juna. Kafin a ce kwabo an bi ma'aikatan jirgin ƙasa da shi, wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Wato tun ranar farko gwajin rariya ce ta tace masu neman aiki, tsoron hatsari ne ya haife shi. Takardun ɗige-ɗigen da likita Ishihara ya fitar a Japan a 1917 ma kan wannan turbar suka biyo, ga shi har yau yaronmu ba ya sanin halin idonsa yana firamare, sai ranar da ya tsaya a layin tantancewa.

Masu bincike da suka sake tono bayanan hatsarin a 2012 kuwa ba su samu tabbacin cewa rikicewar launi ce ta jawo shi ba.