Mutum-mutumin wasa mai haske

Mutum-mutumin wasa mai haske ƙaramin kayan koyo ne da ake sayarwa a warwatse cikin leda ko kwali, domin mai koyo, wanda galibi yaro ne ko matashi, ya harhaɗa sassansa da hannunsa har ya samu 'yar surar mutum-mutumi mai idanu biyu da ke kamawa ko ƙiftawa. A cikin ƙunshin akan tarar da mazaunin batir, da makunni, da 'yan wayoyi, da ƙananan fitilun da ake kira LED, da resista guda biyu ko huɗu masu rage yawan wuta, wani lokaci kuma har da tiransisto mai buɗe hanyar wuta da rufe ta, da kondensa mai tara wuta na ɗan lokaci, sai allon da za a jera su a kai da takardar da ke nuna inda kowanne zai zauna. Yawancinsu ba sa tafiya kuma ba sa jin abin da ke kewaye da su, saboda haka a wajen injiniyoyi ba su cika sunan mutum-mutumi ba. Amfaninsu yana ga koyarwa, domin wutar lantarki abu ce da ido ba ya gani, kuma fitilar da ke idon wannan abin wasa ita ce hanya mafi arha da mai koyo zai gane nan take ko ya haɗa daidai ko ya yi kuskure.

Asalinsa

Sayar da kayan lantarki a warwatse domin mai saye ya haɗa da kansa tsohuwar sana'a ce. A shekarar 1947 kamfanin Heath da ke garin Benton Harbor a jihar Michigan ta Amurka ya fara fitar da irin waɗannan kaya da sunan Heathkit, inda ya yi amfani da rarar kayan lantarkin da suka saura bayan yaƙin duniya na biyu. A shekarun 1960 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da akwatunan gwaji na yara, kuma kantunan Radio Shack na Amurka sun yi suna da wasu alluna masu ƙananan sifirin da ake lanƙwasawa a cusa waya, ta yadda yaro zai haɗa da'irori, wato hanyoyin da wuta ke zagayawa, masu yawa ba tare da ya liƙa komai ba. Ta ɓangaren mutum-mutumi kuwa, masanin ƙwaƙwalwa William Grey Walter ya ƙera wasu ƙananan na'urori masu kama da kunkuru a birnin Bristol na Ingila tsakanin 1948 da 1949, ya ba su suna Elmer da Elsie, kuma suna bin haske duk da cewa da'irar da ke cikinsu ba ta da yawa.

Abin da ya sauko da wannan fanni zuwa hannun ƙananan yara shi ne fitilar LED. A 1962 Nick Holonyak, wanda yake aiki a kamfanin General Electric, ya samar da LED mai jan haske da ido ke iya gani. Shuɗiyar LED mai ƙarfin haske ba ta samu ba sai a farkon shekarun 1990, ta hannun Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 saboda wannan aiki, kuma daga gare ta aka samu farar LED da ke cikin tocila da waya a yau. LED ba ta fashewa kamar ƙwan gilashi, ba ta zafi sosai, kuma ƙaramin batir yana iya riƙe ta na tsawon lokaci.

Abin da ake koya daga haɗa shi

Darasi na farko shi ne cewa wuta ba ta gudana sai hanya ta zagayo ta rufe. Dole ta fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta cikin resista da fitila, sannan ta koma ɗaya kan mai alamar ragewa, kuma makunni ba kome ba ne illa wurin da ake tsinke wannan hanya ko a haɗa ta. Na biyu shi ne cewa LED tana da gaba da baya, domin wuta tana bi ta cikinta ta fuska ɗaya kawai. Doguwar ƙafarta ita ake kai wa ɓangaren tarawa, gajeriyar kuma ɓangaren ragewa, kuma idan an riga an datse ƙafafun, akan duba gindin fitilar a ga gefen da aka shafe ya zama baje, wanda shi ne ɓangaren gajeriyar ƙafa. Kusan kowane mai koyo yakan juya ta sau ɗaya, ya ga ido ɗaya ya kama ɗayan ya ƙi, kuma wanda ya gano dalilin haka da kansa ba ya sake mantawa.

Darasi mafi nauyi yana wajen resista. LED ba ta iya taƙaita wutar da take sha, saboda haka idan aka haɗa ta kai tsaye da batir mai bolt 9 sai ta yi wani haske mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido ta mutu, wani lokaci har da ɗan wari. Aikin resista shi ne ta ƙuntata hanya, kuma ana lissafin girmanta da ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda ta nuna cewa yawan wutar da ke gudana daidai yake da ƙarfin turawa idan an raba shi da turjiyar hanya. Jar LED takan cinye kimanin bolt 2, kuma ƙananan da ake sa wa a kayan wasa ba a so wutar da ke bi ta cikinsu ta wuce kimanin miliamfiya 20, wato amfiya 0.02 a ma'aunin yawan wuta. Idan batirin mai bolt 9 ne, ragowar bolt 7 ita resista za ta ɗauka, kuma idan aka raba 7 da 0.02 za a samu om 350 a ma'aunin turjiya, sai a ɗauki resistar da ta fi kusa a kasuwa, wato mai om 390 ko 330. Shuɗiya da farar LED sukan buƙaci kimanin bolt 3, abin da ya sa batir guda mai bolt 1.5 ba ya kunna su ko kaɗan. Wannan ɗan lissafi shi ne karo na farko da yara da yawa suke ganin rabawa da ragewar da suka koya a aji sun hana wani abu ƙonewa a hannunsu, kuma kayan da suka zo da takardar da ke bayyana shi sun fi waɗanda suke cewa kawai a sa kaza a rami kaza.

Girman resista ba a rubuce yake da lamba ba, zobba ne masu launi a jikinta. Baƙi sifili ne, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari kuma 9. A resista mai zobba huɗu, biyun farko lambobi ne, na uku yana nuna yawan sifilin da za a ƙara, na huɗun kuma, wanda yawanci ruwan zinariya ne, yana nuna cewa ainihin girmanta zai iya saɓawa da kashi 5 cikin ɗari. Resista mai om 330 ke nan za a gan ta da ruwan lemo, ruwan lemo, sannan ruwan ƙasa. A ƙarƙashin hasken da bai isa ba ja da ruwan ƙasa sukan yi kama, shi ya sa gwadawa da mita ya fi aminci.

Idanu masu ƙiftawa

A kayan da suka ɗan ci gaba, idanun biyu suna kamawa ne bi da bi, kuma hanyar gargajiya ta yin haka ita ce da tiransisto biyu, kondensa biyu da resista huɗu. Idan tiransisto ɗaya ya buɗe hanya, idonsa yana kamawa, a lokaci guda kuma yana rufe ɗan'uwansa ta hanyar kondensar da ke tsakaninsu, har sai kondensar ta cika a hankali ta cikin resista, sannan na biyun ya buɗe ya rufe na farko, a ci gaba da haka muddin akwai batir. Tsawon lokacin kowane ido kusan 0.7 ne a ninka da girman resista da girman kondensa, saboda haka resista mai om 47,000 da kondensa mai maikirofarad 10 za su ba da kusan sulusin daƙiƙa. Idan mai koyo ya cire kondensa biyun ya sa waɗanda suka ninka su, zai ga ƙiftawar ta yi sanyi da rabi, kuma wannan gwaji ɗaya yana bayyana aikin kondensa fiye da shafi guda na bayani. Wasu kayan suna amfani da ƙaramar na'urar ƙidayar lokaci mai lamba 555, wadda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics aka fara sayar da ita a 1972. Akwai kuma LED mai ƙiftawa da kanta, wadda aka ɓoye da'irar a cikin robarta. Tana sauƙaƙa haɗi, sai dai tana ɗauke wa mai koyo ainihin abin da ya zo gani.

Liƙi da gano matsala

Wasu kayan ana haɗa su ne da maɓallai ko a kan allo mai ramuka da ake soka ƙafafun sassa, wasu kuma sai an liƙa da dalma, wato gaurayen ƙarfen da ake narkarwa a manne sassan. Dalmar da aka gauraya kashi 63 na kuza da 37 na darma tana narkewa a digiri 183 a ma'aunin Salshiyos, marar darma kuwa sai wajen digiri 217. Ƙa'idar liƙi ita ce a ɗora bakin ƙarfen liƙi mai zafi a kan ƙafar da tagullar allon tare, a jira daƙiƙa ɗaya ko biyu su yi zafi, sannan a taɓa dalmar a jikinsu ta malala da kanta. Liƙi mai kyau yakan yi santsi ya hau ƙafar kamar ƙaramin tudu, wanda bai kama ba kuwa yakan dunƙule kamar ƙwallo ya zauna a sama, kuma shi ne yawanci ke sa mutum-mutumin ya kama idan an girgiza shi ya mutu idan an ajiye. Idan an gama bai kama ba, tsarin bincike shi ne a fara da batir, a duba juyin LED da na kondensa mai alamar ragewa a gefe, sannan a duba bayan allo ko dalma ta haɗe wurare biyu da bai kamata su haɗu ba. Batir da ya ɗau zafi alama ce ta gajeriyar hanya, wato wuta na komawa batir kai tsaye ba ta bi ta cikin resista da fitila ba, kuma a cire shi nan take.

Kariya

Ƙarfin wutar waɗannan kaya bai kai ya ja mutum ba, amma ba a taɓa haɗa su da wutar soket. Haɗarin ya fi yawa a wurare biyu. Ƙarfen liƙi yana wuce digiri 300, don haka yana buƙatar mazauni da babba a kusa, da wuri mai iska, da wanke hannu bayan taɓa darma. Na biyu shi ne batir mai kama da kwabo, irin CR2032 mai bolt 3, wanda faɗinsa milimita 20 ne kaurinsa kuma 3.2. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin kimanin awa biyu, kuma wannan lamari ne na garzayawa asibiti ba tare da jira ba. A 2022 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta a riƙa tsare mazaunin irin wannan batir ta yadda yaro ba zai iya buɗewa ba.

Matakin gaba

Da zarar an ƙara resista mai jin haske, wadda turjiyarta ke raguwa a haske ta ƙaru a duhu, idanun za su iya kamawa da kansu idan dare ya yi, kuma a nan ne abin wasan yake fara amsa abin da ke kewaye da shi kamar kunkurun Grey Walter. Daga nan masu koyo sukan wuce zuwa alluna masu karɓar umarni irin Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, ko micro:bit da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016. Ba dole ba ne kuma sai an sayi ƙunshin kamfani, domin ana samun LED da makunni da waya a cikin matacciyar tocila, resista da tiransisto kuma a tsohuwar rediyo ko a shagon masu gyara, kuma yaran da suka saba ƙera motar gwangwani ko ta kara a garuruwan ƙasar Hausa suna iya yin gangar jikin da kwali ko robar ruwa, su huda ramuka biyu a fuskar su soka fitilun.