1189: Shekarar da "tun kaka da kakanni" ta tsaya a dokar Ingila

Idan rigimar hanya ta haɗa maƙwabta biyu a gaban mai unguwa, da wuya a tashi wani bai ce, "Wannan hanyar tun kaka da kakanni muke bin ta" ba. Ba mai tambayarsa wane kakan, balle wace shekara. Magana ce da ake jefawa don ta yi nauyi, kamar "tun tale-tale" ko "tun duniya na kwance". Turawan Ingila ma suna da nasu barkatai. Mai tuna ƙuruciyarsa zai ce "back in the day", abin da ya daɗe har an gaji da ƙirga a ce ya yi "donkey's years", zamanin mazan jiya kuma "days of yore". Duk ba su da ranar farawa. Guda ɗaya ce ta fita zakka. Idan lauya ya miƙe a kotun Ingila ko Wales ya ce "time immemorial", wato zamanin da ba wanda tunaninsa ya kai can, shekara yake nufi takamaimai: 1189.

Asalin abin yana cikin wata doka da aka yi a Westminster a 1275, zamanin Sarki Edward na Ɗaya. A lokacin shari'ar gonaki ta ishi kotuna, kowa sai ya tono wani kakansa ya ce ƙasar tasa ce. Sai dokar ta ja layi: mai neman ƙasa ba zai kafa hujja da mallakar da ta girmi sarautar Sarki Richard na Ɗaya ba, shi kuwa Richard a 1189 ya hau gadon sarauta. Wannan Richard ɗin shi ne wanda ya gwabza da Salahuddin Ayyubi a yaƙin neman Ƙudus, kuma cikin shekara goma na mulkinsa bai fi wata shida ya zauna a Ingila ba. Amma ga shi sunansa ya zama turken dokar ƙasar.

A 1275 lissafin yana da ma'ana. Shekara 86 ce kawai tsakani, dattijo zai iya ba da shaidar abin da ya ji daga bakin mahaifinsa. Matsalar ita ce ba a sake matsar da turken ba. Alƙalai kuma suka ari shekarar suka kai ta wani fagen, suka ce duk mai iƙirarin wani haƙƙi saboda daɗewa, sai ya zama abin yana gudana tun 1189. Dokar da aka yi don a rage tone-tone sai ta koma umarnin a tono har can. Don a ji nisan, shekara 615 ke nan kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804.

Haƙƙoƙin da ake magana a kansu ba mallakar fili ba ne. Amfani ne da filin wani: ratsa gonarsa zuwa taka, jan ruwa ta cikinta, kiwo a makiyayarsa, samun haske ta tagarka ba tare da ya gina abin da zai tare ba, ko wata al'ada ta mutanen gari guda, kamar cin kasuwar shekara a wani fage. Sharuɗɗa uku ne ke bin amfanin: kada ya zama da ƙarfi, kada ya zama a ɓoye, kada kuma ya zama da izinin mai wurin. Na ukun shi ke ba mutane mamaki. Wanda ya roƙa aka bar shi ya wuce, ko shekara ɗari ya yi yana wucewa, aro ne yake ci. Wanda ya riƙa wucewa a fili kamar hanyar tasa ce, mai gona yana gani bai hana ba, shi ne doka ke saurara.

Ba wanda zai kawo shaidar 1189, kotuna ma sun san haka. Sai suka sassauta: in an nuna shekara 20, ko iyakar abin da tsofaffin gari ke iya tunawa, za a ɗauka cewa tun can abin yake. Sai dai zato ne kawai, abokin shari'a yana iya rushe shi da hujja guda, wato ya nuna cewa abin ba zai yiwu ya kasance a 1189 ba.

A nan ne shari'o'in suke da daɗin ji. A 1872 an gurfanar da wani mutum saboda ya kafa teburin sayar da abinci a kan hanyar jama'a. Ya ce al'ada ce ta ranar kasuwar ɗaukar 'yan ƙodago. Aka duba, aka ga ita kanta kasuwar dokokin ƙarni na 14 ne suka haifar da ita. Al'adar da ta fi shekara ɗari biyar sai ta zama yarinya a idon kotu.

Wadda ta fi burge ni ita ce shari'ar Bryant da Foot ta 1867. Wani limamin coci ya dage cewa al'adar yankinsa ce a biya sule 13 kuɗin ɗaurin aure, kuma an tabbatar an daɗe ana biya. Alƙalai ba su musa ba. Tambayarsu ɗaya ce: a zamanin Richard, wane talaka ne zai iya fitar da sule 13 don a ɗaura masa aure? A wancan ƙarni kuɗin dukiya ce mai yawa. Tunda ba zai yiwu a ce haka ake biya tun farko ba, al'adar ta faɗi. Tsadar kuɗin ita ta tona ƙarancin shekarunsa.

Masuntan garin Walmer da ke gaɓar Kent, a kudu maso gabashin Ingila, kuwa sun yi nasara a 1905. Mai wani fili a bakin teku ya so ya yi gini inda suke shanya tarunsu. Suka kawo tsofaffin da suka tashi suka tarar ana shanyar, shi kuma ya kasa nuna lokacin da aka fara. Kotu ta hana ginin.

Mai gida fa? Ai kusan kowane gini a Ingila bayan 1189 aka yi shi, don haka ba tagar da za ta ci wannan jarrabawa. Sai alƙalai suka ƙirƙiro wata dabara mai suna "lost modern grant". In ka yi shekara 20 kana amfani, kotu za ta ɗauka cewa an taɓa rubuta maka takardar ba da haƙƙin, takardar ce ta ɓata. Kowa a zauren ya san ba a taɓa rubuta komai ba. Kotun ƙolin ƙasar ta lokacin, wato alƙalan Majalisar Dattawa, ta amince da dabarar a shari'ar Dalton da Angus ta 1881, daga baya ma aka ce ko an tabbatar ba a yi takardar ba, zaton yana nan, sai fa in mai filin ba shi da ikon bayarwa tun asali. In aka cire kara, tatsuniya ce doka ta ɗaure wa gindi don ta kauce wa shekarar da ta ɗaure kanta da ita.

Majalisa ta shigo a 1832 da dokar da ta sa adadi. Hanya da ruwa, shekara 20, in ta kai 40 haƙƙin ya kafu sai in da rubutaccen izini aka yi. Kiwo da makamantansa, 30 da 60. Hasken taga, 20. Sharaɗin shi ne shekarun su zama waɗanda suka zo daf da shigar da ƙara. Ba a soke tsofaffin hanyoyin kafa hujja biyu ba, wato zaton 1189 da na ɓatacciyar takarda, shi ya sa lauya kan jera ukun a takardar ƙara guda. Wani kwamitin gyaran doka a 1966 ya sa dokar 1832 cikin mafi munin rubutu a kundin ƙasar, a 2011 kuma hukumar bitar dokoki ta ba da shawarar a share duka a bar tsari ɗaya na shekara 20.

Mai yawo a tsofaffin lungunan Landan zai iya cin karo da allo a ƙarƙashin taga an rubuta "Ancient Lights". Kalmar tana nuna tsufa na fil azal, amma shekara 20 kacal take nufi, gargaɗi ne ga maƙwabci kada ya tare hasken. A da, mai son hana tagar maƙwabcinsa cika shekarun sai ya kafa katanga ko allon katako a gabanta. Tun dokar 1959 ya isa ya yi rajistar sanarwa, a ɗauke ta kamar katangar da ba a gani.

Najeriya ta gaji dokar Ingila, har da nata turken: dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Amma ba ta ɗora wa al'adun gargajiya sharaɗin 1189 ba. Kotunanta suna duba ko jama'a sun yarda da al'adar kuma suna aiki da ita a lokacin da ake magana. A kotunan Musulunci na Arewa kuwa akwai hauzi na mazhabar Malikiyya: wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10, mai iƙirarin yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, ba a sauraren ƙararsa. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin har zuwa shekara 40, saboda an san ɗan'uwa yakan yi kawaici a kan abin da ba zai bar wa bare ba.